Askar da Ta Haye da Mu Kogi

Ni ɗan wanzami ne, jikan wanzami. Kakana daga ƙasar Kano ya biyo fatake da zabirarsa a rataye, ya iso Jimeta, ya ga ruwa da kifi da kawunan da ke neman aski, ya ce shi nan ya tsaya. A Rumde aka haife ni, a gidan da zaurensa kullum yake ƙamshin sabulun salo da jiƙaƙƙen gashi. Kafin in gama firamare na iya aski sarai, har tsofaffin unguwa suna cewa hannuna ya fi na Baba sanyi, in sun tabbata ba ya kusa. Amma na tsani sana'ar. In faɗi gaskiya, kunyarta nake ji. Na dage da boko ne musamman don kada in ƙare rayuwata ina kallon ƙeyar mutane.

A lokacin ba a daɗe da yanka jihohi ba, Yola tana ƙarƙashin Maiduguri, komai ƙanƙantarsa sai an jira takarda daga can. Aka ɗauke mu, mu uku, aikin gwaji a ofishin safiyo, wato masu awon ƙasa da fitar da hanya. Tun ranar farko aka gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa gurbi biyu ne. Za a fita da mu rangadin mako uku a daji, a auna inda wata sabuwar hanya za ta bi, in an dawo shugaban tawaga ya rubuta sunan mutum biyu, na ukun ya koma gidan ubansa. Ɗaya daga cikinmu gwanin lissafi ne, shiru-shiru, kowa ya san ya riga ya wuce. Saura ni da wani ɗan babban ma'aikaci da muke kira mai agogo, don ba ya iya nuna maka hanya sai da hannun da agogon yake. Ni kuwa na san abin da ke jirana a gidan ubana.

Shugaban tawagar Babarbare ne da aka turo daga Maiduguri, dogo, mai tsage a fuska, dariyarsa ta fi ruwan rani wuyar gani. Shi ya rubuta kayan da kowa zai tanada, da Turanci. Babban akawunmu, wani dattijon Bafulatani daga Makama, ya tara mu da leburori ya karanto mana da Hausarsa:

"Bargo ɗaya. Gidan sauro ɗaya. Kwano da cokali. Tocilan. Aska ɗaya, mai kyau, wanda yana shiga aljihu."

Kowa ya gane abin da ake nufi: 'yar wuƙar nan ta aljihu mai ninkewa. A bakinmu ita ma aska ce, ta wanzami ma aska ce, ba wanda ya taɓa rikicewa. Ni ma ban rikice ba. Kuskurena ɗaya ne, na je gida na maimaita kalmar a gaban Baba.

Yana zaune a zaure yana washi lokacin da ya tambaye ni me da me aka ce in kawo. Na fara lissafo masa. Ina zuwa kan aska sai hannunsa ya tsaya a kan dutsen.

"Aska? Gwamnati ce ta ce a zo da aska?"

"Baba, ba irin taka ba ce. Ta Turawa ce, mai ninkewa, mai baki da yawa."

"Baki da yawa," in ji shi. Ya goge hannu a gefen riga. "Gobe mu je in gan ta."

Ni dai na san halin mutumina. Ran Asabar da hantsi muka tafi kantin wani Balarabe ɗan Sham da ke kan hanyar kwata, shi a gaba ni a baya. Wuƙaƙen suna jere cikin akwatin gilashi. Wadda na yi mako guda ina zagayowa in leƙa tana tsakiya, mai jan mariƙi, tana ƙyalli. Mai kantin ya fiddo ta ya shiga buɗe bakunanta ɗaya bayan ɗaya: babban kaifi, ƙaramin kaifi, 'yar almakashi, mabuɗin gwangwani, sukudireba, basilla ta huda fata. Na ƙarshe wani murɗaɗɗen ƙarfe ne kamar igiyar kabewa. Baba ya nuna shi da haɓa ya ce wannan fa? Mai kantin ya ce na cire murfin kwalbar giya ne.

"A'uzu billahi! A aljihun ɗana?"

Bai tsaya nan ba. Ya naɗe hannun riga, ya jiƙa damtsensa, ya bi da babban kaifin a kai. Ko gashi ɗaya bai faɗi ba. Ya ce wannan shafa take yi, ba yanka ba. Aka kawo wata mai baƙin mariƙi da kaifi ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kai kunne, ya ce ƙarfen ya yi laushi. Aka kawo ta uku, ya danna bayanta a kan teburi sai ta ninko saura kaɗan ta kama masa yatsa. Ya ajiye ta a hankali, ya ce shi bai taɓa ganin makamin da ke juyowa ya ciji mai shi ba. Mai kantin sai share gumi yake yi. Ana cikin haka mai agogo ya shigo, ya gaishe da Baba da ladabin da na san na tsokana ne, ya sa aka naɗe masa jar wuƙar a gaban idona. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma a zamaninmu ba a yi wa uba musu a bainar jama'a, sai na haɗiye.

Da muka koma gida ya jawo zabira, ya zaro askar da ya gada daga mahaifinsa. Washi ya cinye ta har ta siririce, mariƙin itacen ya yi baƙi saboda hannu. Ya haɗa mini da kubenta na fata da ɗan dutsen washi, sannan ya kafa mini doka: ba ta taɓa itace, ba ta taɓa igiya, ba ta taɓa nama. Gashi kawai.

"To Baba, a daji gashin wa zan yanka?" Na faɗa da ɗan zafi, ya kuma ji.

"Ai ba wurin birai za su kai ka ba," in ji shi, ya ci gaba da abin da yake yi.

Na ƙudurta zan saci jiki in koma kanti. Sai dai ran Lahadi kanti a rufe yake, motarmu kuma Litinin da sassafe za ta tashi.

Kafin mu hau mota aka shimfiɗa tamfol a harabar ofis, kowa ya baje kayansa shugaba ya duba. Mai agogo ya buɗe bakunan wuƙarsa gaba ɗaya ta zama kamar bushiya, leburori suna ta "kai, kai!" Da aka zo kaina na zare askar daga kube. Aka fashe da dariya, har direba sai da ya dafa mota. Shugaba bai yi dariya ba.

"Kai malamin safiyo ne ko wanzami?"

"Yallaɓai, aska aka ce."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Ban ga abin da ya rubuta ba, amma na san ba yabo ba ne.

Kada wani ya ce na ce jar wuƙar nan ta banza ce. Wallahi ta yi aiki. Kwana goma na farko ita ce sarauniyar zango. Ita ta buɗe gwangwanin kifi da na madara, ita ta yanka igiyar tanti, ita ta ɗaure kusar ƙafar na'urar awo da ta kwance, ita ke feƙe fensir, da 'yar almakashinta aka gyara lagwanin fitila. Duk mai shirin kwana a daji, in ya tambaye ni yau, zan ce ya nemi irinta. Ni kuwa ko fensirina zan feƙe sai na je aro, kuma kowane zuwa sai mai agogo ya ɗaga murya yadda shugaba zai ji: "Wanzam, zo ka karɓa mana, ai ba komai." Wata rana na zaro askar zan yanka igiya don haushi, har na ɗora ta, sai na ga kamar Baba yana tsaye a kaina. Na mayar da ita kube, na sa igiyar a kan dutse na daddatse ta da wani dutsen. Aikina na awo ba laifi, ina rubuta lambobi daidai, amma a idon shugaba ni ne mutumin da aka aika abu ɗaya ya kawo wani.

Rana ta goma sha ɗaya muka iso wani ƙauye a bakin kogi. Damina ta wuce amma ruwa bai janye ba, ragowar aikinmu kuma duk a tsallake yake. Mota ba ta da hanya, sai kwale-kwale. Muka je wurin jauro, wato mai garin, wani tsoho siriri mai kaifin ido. Ya saurari shugaba har ya gama, sannan ya ce da Hausarsa ta Fulani:

"Ayya. Kwale-kwale namu duka ya fashe."

Yana faɗar haka muna hango guda biyu a tsakiyar ruwa cike da mata da ƙwaryar nono. Shugaba ya fiddo takarda mai hatimi, jauro ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe ta a kife, ya yaba kyan takardar, ya mayar. Shugaba ya ambaci hukuma da ɗan kakkausar murya, nan fa abin ya ƙara lalacewa: da yamma ko ƙwai ba wanda ya yarda ya sayar mana. Mutanen sun ga turakun da muke kafawa, sun tabbata gonakinsu aka zo ƙwacewa. Kwana biyu muna zaune muna kallon ruwa. A na biyun shugaba ya ce in jibi ba mu haye ba za mu juya Yola, ya rubuta rahoto a kan abin da ya gani zuwa yanzu. Abin da ya gani zuwa yanzu kuwa na san shi.

Na je masallacin ƙauyen sallar azahar. Bayan sallama wasu dattawa suka tsaya hira da Fulatanci, ba su san ɗan Rumde yana jin yaren ba. Ashe gobe sunan jikan jauro, na farko ta wajen ɗansa namiji. Wanzamin garin ya faɗo daga kan jaki ya karye a hannun dama tun makonni, wani wanzamin kuma sai an yi tafiyar kwana biyu. Kakar yaron ta rantse ba za a raɗa wa jikanta suna da gashin ciki a kansa ba. Sai a lokacin na yarda da abin da idona ya gani tun ranar da muka iso nake kawar da kai: duk mazan garin sumarsu ta taru a ƙarƙashin hula.

Na daɗe zaune a kan buzun masallacin nan. Shekara nawa ina gudun abin nan, ga shi ya biyo ni har bakin kogi. Na ji haushin Baba, na ji haushin babban akawu da Hausarsa, na ji haushin kaina. Sannan na tashi na je wurin shugaba na roƙi izinin gobe da safe.

"Ka je ka yi me?"

"Aski, Yallaɓai."

"Je ka," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Dama can ya fi dacewa da kai."

Maganar ta ƙona ni, amma na wuce. A ƙofar gidan jauro na tuɓe takalmi na durƙusa, na kira shi Barkama, yadda Fulani ke girmama mai gari.

"Barkama, na ji wanzaminku ya gamu da tsautsayi."

"Kai ba ɗan awo ba ne?"

"Ni ne. Amma ubana wanzami ne, uban ubana ma wanzami ne."

Ban taɓa faɗar haka da bakina a gaban baƙi ba sai ranar. Ya ce in nuna masa askar. Ya juya ta, ya duba yadda washi ya cinye ta, ya gyaɗa kai.

"Wannan ya daɗe yana aiki. Amma jikana kwana shida ne a duniya. Ba zan ba ka kan shi ba sai ka fara da nawa."

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, aka kawo ruwan ɗumi a ƙwarya. Rabin gari ya taru kallo. Na wasa askar, na goga ta a tafin hannu, na jiƙa kan tsohon da sabulu. Da kaifin ya taɓa fata, hannuna ya kama aikinsa kamar jiya na bari.

Akwai wata dabara ta Baba da na sha gani ina raina ta. In yana da magana mai nauyi da mutum, ta sulhu ko ta nasiha, ba ya buɗe baki sai ya aske rabin kai cif. Mutum mai rabin aski ba ya tashi ya tafi, komai zafin zuciyarsa, ba ya kuma girgiza kai ya ce a'a. Na bi daga goshi zuwa ƙeya ta ɓangaren dama ban ce uffan ba. Da rabi ya fita fes, sai na fara, da Fulatanci, a hankali kusa da kunnensa. Na ce turakun nan ba na rabon gona ba ne, na hanyar mota ne. Na ce in hanya ta zo, mota za ta ɗauki gyaɗarsu daga nan, mace in haihuwa ta zo mata da gardama a kai ta asibitin Yola a yini ɗaya. Ya yunƙura zai juyo, na dafe kansa da yatsa biyu.

"Barkama, kada ka motsa."

Ya zauna daram. Ya tambaye ni gonar geronsa ta bakin ruwa fa? Ban yi masa ƙarya ba, na ce hanya za ta ci gefenta kaɗan. Amma na gaya masa abin da na ga shugaba ya yi a ƙauyen baya: in gari ya haɗa mu da mutum ya nuna mana maƙabarta da rijiya, kauce musu muke yi. Ya yi tambaya ta kai biyar, ina amsawa ina aski, ina jan aikin da gangan. Da na gama ya shafa kansa da hannu biyu, ya duba tafinsa, babu ko ɗigon jini. Ya ce a fito da yaron.

A zauren gida aka yi wannan. Kakar ce ta riƙe shi a cinya, tana harara ta kamar na zo sata.

"Ɗana, in na ga jini, ni da kai ne."

"To, Dada," na ce.

Kan jariri ba kan mutum ba ne tukuna. Fatar tana motsi a ƙarƙashin yatsa, gashin laushi kamar auduga, ga maɗiga a tsakiya tana bugawa kana gani. Na yi bismilla na fara daga gefe, ina miƙe fatar da babban yatsa, ina kwantar da kaifin sosai. Da na iso maɗiga na riƙe numfashina. Daidai nan yaron ya yamutsa fuska, na ɗauke askar sama, ya yi atishawa, mata suka yi salati. Na jira ya lafa, na bi ta wurin sau ɗaya tak, da nauyin askar kawai, ban ƙara nawa ba. Gashin ya zubo cikin 'yar ƙwarya. Tsohuwar ta juya kan jikanta ta duba gaba da baya, ta duba bayan kunnuwa, sannan ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa. Suka ce in cire masa beli. Na ce wannan ba a koya mini ba, su jira wanzaminsu ya warke, ba zan yi karambani da ɗan mutane ba.

Ina fitowa na tarar da layi. Liman ne a gaba, sai masu kwale-kwalen nan da suka fashe. Na yi ta aski har rana ta take tsaka, kowa kuma in rabin kansa ya fita sai ya ji labarin hanya. Guɗa da hayaniya suka jawo mutanen zangonmu. Na hango shugaba tsaye a nesa ya harɗe hannu, mai agogo a bayansa.

Bayan an raɗa suna an yanka rago, aka kawo mini rabon wanzami a faifai, nama da ƙwaryar gero. Na yi godiya, na ce akwai abin da nake roƙo a ƙara mini.

"Faɗi," in ji jauro.

"Barkama, kwale-kwale."

Ya yi murmushi, ya waiga ya nuna shugaba da sandarsa. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun na kakanni, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

"Wancan Babarbare bawana ne, shi ya sa na bar shi ya zauna kwana biyu ya koyi ladabi. Gobe kwale-kwale ya warke."

Wuri ya kaure da dariya. Ni dai ido na zuba wa shugaba, don ban san yadda zai ɗauka ba. Sai na ga haƙoransa, karo na farko tun da na san shi. Ya ce shi tsoronsa ɗaya, kada Bafulatani ya sa saniya ta tuƙa mu. A daren nan kowa a zango ya ci naman suna.

Da safe kwale-kwale huɗu suna jiranmu, da ƙanin jauro da zai nuna mana maƙabarta. Ana loda kaya, shugaba ya fito da akwatin na'urar awo. Na'urar nan ita ce ran aikin gaba ɗaya, daga Maiduguri ya zo da ita, a mota ma a cinyarsa take tafiya, ɗan gwaji ko murfin akwatin bai isa ya taɓa ba. Ya tsaya a bakin ruwa ya dube mu mu uku. Mai agogo ya matso ya miƙa hannu. Shugaba ya wuce shi ya ɗora mini akwatin a ƙirji.

"Na ga yadda ka bi ta kan yaron nan. Riƙe. Kada ruwa ya taɓa ta." Ya sa ƙafa cikin kwale-kwale, sannan ya ƙara, ba tare da ya juyo ba: "In mun koma Yola ka je wurin telan ofis ya gwada ka."

Ɗan gwaji ba a ɗinka masa kaki. Na zauna a tsakiyar kwale-kwalen na rungume akwatin, ruwa yana fallatso mini a baya ina kare shi da jikina. Muna kaiwa tsakiyar kogi dariya ta ƙwace mini, irin wadda ba a iya riƙewa, har da hawaye. Mai tuƙin, da sabon askinsa yana ƙyalli a rana, ya tambaye ni lafiya? Na ce masa lafiya lau, ya dai tuƙa mu a hankali.